Yadda zaka haɗa moton sola mai shawagi a kan maganaɗisu da hannunka

Jama'a barkanmu da warhaka. Nasan da yawanku kun taɓa cin karo da bidiyon nan na wata 'yar ganga mai sel ɗin sola a jikinta tana reto a iska ba abinda ya riƙeta, da an haska mata fitila sai ta kama juyi, wasu suce haɗin kwamfuta ne wasu kuma suce ai ga janareta mara fetur nan ana ɓoye mana. Duk biyun ba haka bane. Abin gaske ne, sunansa moton Mendocino, kuma duk mai haƙuri da ya iya riƙe soldarin ayan zai iya haɗashi a ɗakinsa.

Asalinsa daga Amurka ne. Daryl Chapin, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka fito da sel ɗin sola na silikon a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1954, shi ya fara nuna a 1962 cewa haske da kansa zai iya juya alkiblar wuta a cikin moto ba sai da burushi ba, wato 'yan guntayen da ke goga jikin abin da ke juyi suna kai masa wuta. Daga baya a 1994 wani dattijo mai son gwaje-gwaje, Larry Spring, a yankin Mendocino na jihar Kalifoniya ya ɗora abin a kan maganaɗisu ya zama yana shawagi, shine sunan wurin ya bishi.

Abinda nake so ka riƙe tun yanzu, ƙarfin moton nan ɗan mitsitsi ne, iskar bakinka ma zata iya tsaidashi, saboda haka duk aikin yana wajen shawagi da daidaita nauyi. Naɗin waya da liƙi su ne masu sauƙin. Mafi yawan wanda nasu yaƙi tashi gaggawar naɗa koyil, wato naɗin wayar, sukayi kafin su tabbatar sandar da ke ɗauke da gangar tana tsayuwa a iska lafiya.

Kayan da zaka nema

Maganaɗisun neodymium, fararen nan masu sheƙi masu ƙarfin tsiya. Kana buƙatar guda shida masu zobe ko faifai, faɗin wajen milimita 12 zuwa 20, huɗu na katakon da zai zama gindin moton biyu na jikin sanda, kuma biyun nan na sanda dole su zama masu rami a tsakiya daidai kaurin sandarka. Sai ƙarin guda ɗaya mai faɗi, shafaffe, wanda zai kwanta a ƙarƙashin ganga. Baƙin maganaɗisun sifika yana yi a gwajin farko amma nauyinsa yafi ƙarfinsa, na cikin tsohon hadis (hard disk) na kwamfuta kuma kar ka sashi a ƙarƙashin ganga haka nan, fuskarsa ɗaya tana ɗauke da arewa da kudu gaba ɗaya, rabi zai tura rabi ya mayar.

Sel ɗin sola guda huɗu masu girma ɗaya, tsirara wanda ba'a rufe da gilas ko roba ba. Irin wanda ake yankawa milimita 52 da 19 sun dace sosai, kowanne rabin bolt yake bayarwa komai girmansa, girman kawai yawan karan yake ƙarawa, wato yawan wutar da ke gudana, wannan ɗin a rana tsaka yana bada wajen miliamp 300. Ka sayi takwas ko goma tunda kaurinsu bai wuce milimita 0.2 ba kuma sai wasu sun fashe. Na jikin kalkuleta karan ɗinsu yayi kaɗan, kar ka wahalar da kanka.

Wayar koyil mai fenti, kauri milimita 0.25 ko kusa da haka, je wajen masu rewayin ɗin fanka da injin ruwa zasu auna maka, mita 40 ta isa har da saura. Sanda miƙaƙƙiya mai tsawon santimita 18 zuwa 20 wadda maganaɗisu baya kamawa, alminiyam ko tagulla ko tsinken tsire na gora in ka tsinci miƙaƙƙe, ka gangara shi akan gilas ka gani in yana tsalle ka jefar. Sifok ɗin keke ƙarfe ne, bazai yi ba. Sai farin soson nan da ake tallafe talabijin dashi a kwali, kan biro mai ƙwallo, ɗan guntun madubi ko tsohon gilas ɗin gadin waya, katako, supa gulu, samfefa, lid ɗin liƙi, da mitar auna wuta.

Mataki na farko, gane fuskokin maganaɗisu

Jera su duka su manne da juna a layi ɗaya, sannan ka zare ɗaya bayan ɗaya kana ɗiga alama da maka, wato alƙalamin zane, a fuskar da ke kallon gefe guda. Ba sai ka san wacce ce arewa ba, abinda ake so kawai duk fuska mai ɗigo iri ɗaya ce. Zamewa zaka dinga yi ta gefe wajen rabasu, in ka ja kai tsaye zasu kufce su haɗe da ƙarfi su ɓalle ko su matse maka fata. Kuma don Allah a nisanta su da yara, yaro ya haɗiye guda biyu suna iya manne hanji ta ciki su huda, magana ce ta tiyata. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji shima ya nisance su, haka katin ATM.

Mataki na biyu, shawagi, nan zamu daɗe

Samu katako mai tsawon wajen santimita 22 faɗi 10. Zana layi a tsakiyarsa daga kai zuwa gindi, layin nan shine inuwar sandarka. A gefe ɗaya kafa ɗan katako a tsaye ka manna gilas ɗin a jikinsa yana kallon ciki. Yanzu zaka yanka gurbi huɗu inda maganaɗisu zasu tsaya a kan gefensu kaman taya, biyu kusa da gilas ɗaya dama ɗaya hagu da layin, biyu can baya haka nan, tazara tsakanin na gaba da na baya wajen santimita 12 zuwa 14 domin ganga ta samu wuri a tsakiya kuma maganaɗisun ƙasa kar ya dami na shawagi. Duk huɗun ɗigonsu ya kalli gilas. Biyun da zaka zura a sanda suma ɗigonsu ya kalli gilas. Maganaɗisu biyu da ke gefe da gefe suna kallon waje ɗaya turin juna suke, turin nan ne zai ɗaga sandar.

Tazarar dama da hagu ita ce sirrin. In sun matsu da yawa sandar zata hau can sama ta zame ta gefe, in sun buɗe da yawa zata nutse ta zauna a katako. Da faifai na milimita 15 fara gwadawa da wajen santimita 3 daga tsakiya zuwa tsakiya sannan ka dinga matsarwa kaɗan kaɗan. Kar ka sa gulu ko ɗigo a wannan matakin, cusa takarda a gurbin ta riƙesu, na jikin sanda kuma ka naɗa salatif a ƙarƙashinsu yadda zasu matse amma su iya gusawa da yatsa.

To me yasa ake sa gilas tunda ana son shawagi? Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Samuel Earnshaw, ya tabbatar tun 1842 cewa ba yadda zaka jera maganaɗisu tsayayyu su riƙe abu a iska ta kowane ɓangare, in ka tare sama da ƙasa da dama da hagu to zai kufce ta gaba ko ta baya. Shi yasa ake barin ya kufce ta gaba da gangan sai gilas ya tareshi. Kaman duwatsun murhu ne, biyu basa riƙe tukunya, na gaba ɗaya na baya ɗaya gilas shine na ukun. Duk wanda yace maka nashi baya taɓa komai sam to yawanci ko dai akwai lantarki da sensa a ciki suna gyara shi ko kuma baka duba da kyau ba.

Cire kan biro ka wanke tawadar da fetur ko sifirit, ka soka shi a bakin sanda daidai tsakiya, ƙwallon ne zai taɓa gilas. Sannan ka gusa maganaɗisun sanda na gaba ya zama ya ɗan wuce saitin na katako zuwa wajen gilas da milimita ɗaya ko biyu, na baya kuma ka barshi kusan saiti ɗaya da nashi ko ya ɗan leƙa gaba kaɗan. Riƙe sandar da yatsa biyu ka sauketa a hankali bakin biro na jingine da gilas, zakaji wani wuri da tayi laushi a hannunka kaman ta zauna akan wani abu, to saki a nan. In ta yi baya ta fice, ƙara gusa maganaɗisun gaba zuwa gilas. In gaban ya faɗi ya manne da na katako, ka wuce gona da iri, dawo dashi. In kuma ta tsaya amma kaji ta danne gilas da ƙarfi, rage, domin duk dannawar nan gogayya ce da zata cinye ɗan ƙarfin da moton yake dashi, so ake ta taɓa gilas da ƙyar.

Da ta tsaya, murza ta da yatsa. Sanda mai kyau zata daɗe tana juyi shiru. Kafin ka wuce, naɗa mata wani abu a tsakiya mai nauyin wajen giram 30 ka gani ko zata ɗauka, tunda gangar da ke zuwa kusan haka zata kai. In ta nutse, ninka maganaɗisun katako bibbiyu a kowane gurbi.

Mataki na uku, ganga da naɗi

Yanka soso ya zama dogon dunƙule mai fuska huɗu daidai wa daida, tsawo wajen milimita 55, kowace fuska ta ɗan fi faɗin sel kaɗan. Ramin sanda dole ya bi ta cibiya, zana layi daga kusurwa zuwa kusurwa a kai da gindi, inda suka gicciye nan zaka huda, ka huda rabi ta nan rabi ta can su haɗu. A tsakiyar kowace fuska ka fere kwari a tsaye mai zurfin milimita 3 ko 4 inda waya zata kwanta sel ya rufeta.

Koyil biyu ne. Na farko yana bi ta kwarin fuskar sama ya zagaya ta gindi ya dawo ta kwarin fuskar ƙasa, na biyu yabi sauran fuskoki biyun. Sanda zata tare maka hanya a kai da gindi, to rabin zagayen ka bi ta damanta rabi ta hagunta, in ka tara duka gefe ɗaya ka sayi matsalar nauyi da kuɗinka. Mafi kyau ka dinga yin 25 a koyil na farko, 25 a na biyu, ka dawo, har kowanne ya kai 100, ta haka tsawon wayarsu zai zo ɗaya. Kar ka ja da ƙarfi soso zai lotsa. Bar jela santimita 5 a kowane baki ka goge fentin da samfefa har jan ƙarfen ya fito, sannan ka auna da mita.

Ga abinda ya kamata mita ta nuna. Wayar milimita 0.25 tana da juriya wajen om 0.35 a kowace mita ta tsawo, zagaye ɗaya a gangar nan kusan santimita 16 ne, zagaye 100 mita 16 kenan, wajen om 5 da rabi, nauyin jan ƙarfen kuma giram 7 kowane koyil. Rabin bolt akan om 5 da rabi zai tura wajen miliamp 90. Yanzu lura da wani abu da mutane da yawa basa kula dashi: a rana mai ƙarfi in ka ninka zagayen zuwa 200, juriyar wayar ta ninka karan ya ragu rabi, turin bai ƙaru da komai ba sai nauyi da ka ƙara, gudun ƙarshe ma raguwa zaiyi. Amma a cikin ɗaki ƙarƙashin ƙwan fitila, inda sel ɗin ɗan karan kaɗan yake iya bayarwa, nan yawan zagaye yake da amfani. Saboda haka in na tsakar gida kake so, waya mai ɗan kauri zagaye kaɗan, in na kan tebur ne siririya zagaye 150 zuwa 200. Ni dai 100 zuwa 120 nake ba mai farawa shawara, yana tashi a duka biyun.

Mataki na huɗu, liƙa sel

A irin sel ɗin da aka saba, fuskar shuɗiya mai layuka ita ce negatif, bayan mai toka-toka shine fozitif, amma ka tabbatar da mita a rana. Kwantar dashi akan gilas ko tayil mai santsi, sa lid a bakin siririyar waya tukuna, sannan ka taɓa farin layin sel ɗin na daƙiƙa ɗaya ko biyu, kar ka danna, nauyin ayan ɗin kaɗai ya isa. Yi liƙin nesa da maganaɗisu, ɗaya suna fizgar bakin ayan, biyu neodymium na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 80 kuma baya dawowa.

Haɗin shine zuciyar abin. Sel biyu da ke bayan juna, na sama da na ƙasa, su ke ciyar da koyil ɗin da ke kwance a ƙarƙashinsu, amma a juye. Fozitif na sama da negatif na ƙasa su haɗu a baki ɗaya na koyil, negatif na sama da fozitif na ƙasa su haɗu a ɗaya bakin. Idan na sama yana shan haske wuta ta bi ta nan, wayar da ke ƙasa kusa da maganaɗisu ta samu turi ta gefe ganga ta juya, da tayi rabin zagaye ɗayan sel ɗin ya hau sama wuta ta juya alkibla, wayar da ta sauko ƙasa yanzu ita ma a tureta gefen da aka ture ta farko. Haka abin zai ta tafiya ba burushi ba suwic. Wanda ke cikin inuwa baya satar wutar ɗan uwansa saboda a juye yake, amma in haske ya sameshi zai yi jayayya, shi yasa nake cewa a shafa wa katakon baƙin fenti, farin katako ko mai sheƙi yana mayar da haske ƙasa ya rage maka gudu.

Manna sel da ɗigon gulu kaɗan a kusurwa, ka fara gwada gulun a guntun soso domin wani supa gulu yana cinye shi. Kandul gam kuma yana saki in rana ta dake shi, a zafin Kano ko Sakkwato ko Zinder na watan Afrilu ba abin dogaro bane.

Mataki na biyar, daidaita nauyi

Zura ganga a tsakiyar sanda, mayar da maganaɗisun inda suka zauna a mataki na biyu, ɗora. Kar ka sa maganaɗisun ƙasa tukuna kuma ka yi wannan a inuwa, fanka a kashe. Saki ka zuba ido, zata yi lilo ta tsaya gefe mai nauyi a ƙasa. Ɗiga maka a fuskar da ta kalli sama, manna ɗan guntun lid a kusurwar soso ta wannan gefen, juya ta kwata ka sake saki. Haka zaka ta yi kana ƙarawa kana ragewa da abin yanke farce har sai duk inda ka ajiyeta ta tsaya a nan ko ta gangara a hankali ƙwarai. Wannan aikin yana cin lokaci kuma yana da gundura, amma wallahi shine bambancin moton da ke tashi da kansa da safe da wanda sai an tura shi. In gangar na da gefe mai nauyi, ɗan turin da koyil ke bayarwa bazai iya haurar da ita ba, sai ka ganta tana ta kai da komo.

Mataki na shida, tayarwa

Kwantar da shafaffen maganaɗisun a ƙarƙashin ganga fuska ɗaya na kallon sama, ɗaga shi da kwali har ya kusa, ka bar milimita 4 ko 5 daga kusurwar ganga in ta juyo, ka manne shi sosai kar ya yi tsalle ya fasa maka sel. Zai iya ɗan canza tsayuwar sanda, sai ka sake taɓa saitin kaɗan.

Gwada kowane sel shi kaɗai. Juyo shi sama, haska tocila daga sama, ga inda ganga ta nufa. Duk huɗun dole su tura waje ɗaya. In biyu na turawa dama biyu hagu, musanya bakunan koyil ɗaya. In ɗaya ne tak ya saɓa, shi ka liƙa a juye. In ba motsi sam, yawanci fentin waya ne bai gogu ba. Daga nan fitar dashi rana, hasken ya zo daga sama. Cikin ɗaki tsohon ƙwan fitila mai zafi ko halojin yafi LED tayar dashi nesa ba kusa ba, domin silikon yana cin har hasken da ido baya gani wanda ƙwai mai zafi ke fitarwa da yawa. In ka kifa maganaɗisun ƙasa zai juya ta ɗaya gefen.

Wani gudun in ya kai zakaga sandar ta kama rawa, wani lokaci ta wuce wurin ta nutsu wani lokaci ta yi tsalle ta faɗo. Duba abu uku, bakin biro ba a cibiya yake ba, ko maganaɗisun sanda ya karkace, ko nauyin kai da na gindi basu daidaita ba duk da a tsaye kaman lafiya. Shimfiɗa tsumma a kewaye kafin gwajin rana na farko.

Batun janareta

Tunda sanda a iska take ba waya da zaka jawo daga jikinta, hanyar gwaji ita ce ka manna ƙananan maganaɗisu biyu masu nauyi ɗaya a wutsiyar sanda can bayan na shawagi, ɗaya na kallon waje da ɗigo ɗaya ba ɗigo, suna bayan juna. Naɗa wani koyil na siririyar waya zagaye ɗari uku ko fiye akan roba, ba ƙarfe a cikinsa, ka kafa shi kusa dasu. Sa mita a AC zakaga 'yan milibolt suna hawa yadda gudu ke hawa, abinda Michael Faraday ya gano a 1831 kenan kake gani a teburinka. To yanzu cire mita ka haɗe bakunan koyil ɗin biyu da juna ka matso dashi sosai, zakaga ganga ta rage gudu, ka rabasu ta dawo. Duk wutar da ka ɗiba daga juyin ake cirarta, juyin kuma daga rana, maganaɗisu ba abinda yake ƙarawa.

Lissafin ma a fili yake. Sel ɗaya irin namu ƙarshen abinda zai bayar a rana tsaka wajen wat 0.17 ne, ƙaramar cajar waya wat 5 take bayarwa, kusan ninki talatin, kuma kafin wutar ta bi ta koyil ta zama juyi ta sake dawowa wuta mafi yawanta ya tafi a zafi. Wannan ne yasa raina ke ɓaci in naga ana karɓar kuɗin matasa da sunan koya musu janareta mai maganaɗisu da baya cin komai, yaro ya tara kuɗinsa da ƙyar ya sayi kaya a ƙarshe ya zaci shine bai iya ba. Mai son caji ya haɗa fanel da batir kai tsaye. Moton nan na koyo ne, kuma a wajen koyo yana da daraja sosai, malamin kimiyya da ya ajiye ɗaya a tagar aji ya huta da dogon bayani akan yadda moto ke aiki.

In ya tashi lafiya sai ka bi saitin da ɗigon gulu ka kafe komai. Ƙasar wajenmu tana da baƙin garin ƙarfe a ciki, lokacin hunturu zakaga ya taru a jikin maganaɗisu yayi gashi-gashi, danna salatif akai ka ɗaga yana fita. Goge gilas ɗin lokaci lokaci, in ƙwallon biro ya fara cin wurin ka gusa gilas ɗin kaɗan ya samu sabon wuri. Ka yanka babbar gorar ruwa mai haske ka kifa masa saboda ƙura da iska, amma ka huda ta sama da ƙasa, kuma kar ka barshi a rufe cikin ranar azahar ko kan dashbod ɗin mota, zafin da ke taruwa a ciki zai iya raunana maganaɗisun ya lanƙwasa soson.